Shun da Kika Bari a Garka

Zuwa ga Hajo,

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin sauƙi da haske a inda kike. Na san takardar nan ba za ta iso ki ba. Ko da kina raye ma ba karantawa za ki yi ba, sai dai ki zaunar da ni in karanta miki da ɗan bokon da na tsinta a karatun manya, kina tare ni a kowane layi kina cewa ba haka ake faɗa ba. To yau ba mai tare ni. Zan faɗi abina yadda na ga dama, ko da yake wallahi na fi so a ce kina nan kina tarewar.

Gida lafiya lau. Zafi ne dai ya sauko mana da ƙarfinsa, irin na bazarar Dakoro da kika sani, wanda ko kaji ba su yarda su taka rairayi da rana. Jar akuyarki ta haifi biyu, ɗaya bai zo da kwana ba, ɗayan yana nan yana cin igiyar shanya. Ɗanmu Sani ya dawo daga cin rani tun kafin sadakar arba'in, da sabuwar waya da sabon baki, har shu ma yanzu kabeji yake ce masa, wai haka ake faɗa a Kano. Matarsa Nana ce ke yi mini tuwo. Tana ƙoƙari, Allah Ya yi mata albarka, sai dai miyarta ba ta ji daddawa, kuma ban faɗa mata ba. Ni kuwa ina nan yadda kika bar ni, ran kasuwa in tafi kara in buɗe bakin raguna in duba haƙora, in yi ta rantsuwa tsakanin mai saye da mai sayarwa har muryata ta dushe.

Amma ba don wannan na ɗauki alƙalami ba. Maganar shunki ce, da maganar Larai.

Kin tuna bayan kaka kin dasa shu a fangalinki na garkar mata, can bayan famfo. Kullum da safe ki ɗauki bokiti ki fita, ina yi miki tsiya cewa kin fi kula da ganye a kan mijinki. Sanyi na shigowa ciwo ya kwantar da ke, kafin mu gama cewa zazzaɓi ne Allah Ya karɓi abinSa. Shi shu bai san kin tafi ba, ya ci gaba da girmansa. Ƙawarki Mairi ta Mai Yara ce ta riƙa ba shi ruwa tare da nata, ba wanda ya sa ta.

Ita kuwa Larai, ɗiyarmu ta fari, ranar da muka kai ki tana kwance a likita a Agadas, laulayin cikin fari ya kayar da ita har ana ƙara mata ruwa. An hana ta hawa mota. A waya ta ji. Da na samu na yi magana da ita ba ta yi kuka ba, abu guda ta tambaye ni, ko Inna ta bar mata wata magana. Hajo, me zan ce? Kin bar wa Sani magana, kin bar wa Nana, har awaki kin faɗi wadda za a ba wa. Ita ce kaɗai ba ki ambata ba. Na yi shiru, ta gane shirun, ta ce ba komai Baba. Wannan ba komai ɗin ya zauna mini a ƙirji ya ƙi wucewa.

Ni na san dalili. Kunyar ɗan fari ce, haka aka raine mu. Tun da aka haife ta ba ki taɓa kiran sunanta ba, ko Larai ɗin da ni nake fakewa da shi ba ki faɗa, sai dai waccan, ko yarinyar nan. Ba ki taɓa ɗaukar ta a gaban mutane ba. Ana yaye ta aka kai ta wurin uwarki a Rumbu, can ta girma. Ni ma ba gwani ba ne, in ta gaishe ni sai in amsa ina kallon bango. Mu a wurinmu wannan ladabi ne. Ita fa? Ta tashi a zamanin da uwa ke kiran ɗiyarta a waya su yi ta hira har caji ya ƙare. Ta yaya za ta san abin da ke ranki, tunda ba ki faɗa ba kuma kin tafi?

Bayan sadakar arba'in Mairi ta zo ta tsaya a bakin zaure ta ce shu ya yi kai, me za a yi da shi? Na ce a sayar ko a raba wa maƙwabta, ni ina ruwana da ganye. Ba ta tafi ba. Ta yi ta murza bakin mayafinta, can ta ce ai ba don sayarwa kika dasa ba. Wai akwai wata mata da ta zo ƙungiyarku ta nuna yadda ake yanka shu a cuɗa shi da gishiri a rufe a mazubin da iska ba ta shiga, ya yi tsami a cikin ruwansa, ya yi watanni bai lalace ba. Sauran mata dariya suka yi, suka ce su da ke da rana kyauta me zai hana su shanya abinsu. Ke kaɗai kika yi ta tambaya har matar ta gaji. A hanyar komawa gida kika ce wa Mairi mai ciki tana son tsami, da bazara kuma ba ɗanyen ganye a garin nan, ga shi akwai wadda za ta zo goyon ciki. Ko a nan ma ba ki kama suna ba.

Hajo, ashe kin bar mata magana. A ƙasa kika dasa ta.

Daga ranar na ƙudurta a raina shun nan sai ya kai bazara, sai Larai ta sa shi a baki. In na gaya mata da fatar baki cewa uwarta ta tuna da ita, za ta ce Baba yana lallashi ne. In ta ci kuwa, ba sauran gardama. Nana ta ce a kawo ta shanya a kan rufi kamar yadda kowa ke yi, na ce a'a, ba busasshe kika yi niyya ba. Mairi ta ce in bari ta yi mini, na ce ita ma a'a. Ban san me ya hau kaina ba. Ina jin dai na gaji da zama ana shigowa ana yi mini gaisuwa, ina son hannuna ya yi miki wani abu. Na sa ta faɗa mini yadda ake yi sau ɗaya, tana cikin maganar mazubi na katse ta na ce na gane. Kin san ni da na gane.

Sai na shiga ɗakinki neman abin zubawa. Wane mazubi ne ya fi randarki a gidan nan? Randar da duk unguwa ta san ta, wadda mata ke aiko yara da kofi da azumi don ruwanta ya fi na kowa sanyi. Na ce abu mai daraja sai mazubi mai daraja. Na kwashe ruwan, na wanke ta. Na sa Sani ya kwaso mini manyan kawunan shun duka a amalanke. Na zauna a tsakar gida da wuƙar yankan layya ina yankawa, Nana tana leƙe ta taga tana danne dariya. Na zuba gishiri na cuɗa har ya yi ruwa, na danna a randa, ruwan ya taso ya rufe shi, daidai yadda aka ce. Na kife faifai, na rufa tsumma, na kwaɓa laka na liƙe bakin kamar yadda na sha ganin kina yi wa tukunyar daddawar batso. Na ja da baya na duba aikina, na ce to iska, in kin isa ki shiga.

Da aka kwana biyu sai na ga jikin randar ya yi fari-fari, kamar an barbaɗa mata toka. Na lasa, gishiri. Rairayin da ke gindinta kuma ya jiƙe. Ko a jikina, har daɗi na ji, na ce aiki yana ci. Ai tun muna yara mun san randar kirki ita ce mai zufa, wadda ba ta zufa ba ta sanyi, ba mai sayenta. Ko kaɗan bai zo mini ba cewa zufar nan ruwan shun ne ke fita.

Wari ne ya gaya mini. Wata safiya na shiga ɗakin na ji kamar ɓera ya mutu a bayan kaya. Na fasa lakar, na ɗaga faifan. Kai, Hajo! Ruwan ya tsotse ƙaf. Saman ya yi baƙi da wani gashi-gashi kore, ƙasan ya narke ya zama yauƙi. Na tsaya riƙe da faifai kamar wanda aka mara. Ni na ɗauke ta da kaina na kai bayan gari na zubar, ko awaki da suka biyo ni shinshinawa suka yi suka juya. A nan bakin bola na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarki, don ranar akwai mutane. Abin da kika yi wata da watanni kina ɗaukar wa ruwa, ni na kashe shi da na gane.

Da Mairi ta ji, ba ta raga mini ba. Ta ce Malam Isuhu, randa fa an yi ta ne don ta yi yoyo a hankali, bakin ka toshe ka bar jikin duka a buɗe. Ta ce da na bari ta ƙarasa maganarta da na ji cewa matar ta hana tukunyar ƙasa in ba mai santsin ciki ba ce. Raina ya ɓaci, amma gaskiyarta ce. Na tambaye ta ko da saura. Ta ce akwai 'yan ƙananan da kika dasa daga baya a bakin fangali, ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma sun fara tsagewa don zafi ya soma. In ban yi sauri ba, su ma sun tafi. Wannan karon na zauna a ƙasa na ce ta faɗa tun daga farko, ban katse ta ba har ta gama.

Ran kasuwa ban je kara ba. Na shiga layin masu tarkace ina neman mazubi, kuma na yi masa irin binciken da nake yi wa rago. Wani ya miƙo mini bido, wato jarka, mai kyau, rawaya, murfinsa garau. Na buɗe na sa hanci, man mota. Ya rantse ya wanke shi da omo, na ce ko da ruwan Zamzam ka wanke, roba ba ta manta abin da ta sha. Wani ya kawo babban gwangwanin madara, na ce gishiri da tsami za su cinye shi ya yi tsatsa. Akwai wanda ya nuna mini wata farar roba mai kaurin gaske, da na juya ta sai ga hoton ƙwaro a jiki, ashe ta maganin feshin wake ce. Na ce masa ya ji tsoron Allah, mai ciki ce za ta ci. Bokitin fenti, tsohuwar kula mai fasasshen murfi, gorar ruwa mai bakin da ko yatsa biyu ba su shiga, ba wanda ban ɗaga ba. Abokan dillancina suka hango ni ina shinshina robobi, suka yi ta shewa, wai Isuhu ya bar raguna ya koma dillancin kwanoni, ko aure zai ƙara yana haɗa kayan ɗaki? Na ce su ci gaba, ranar da nasu matan suka tafi zan ga wanda zai iya dafa ruwan zafi a cikinsu. Daga baya na ji ba daɗi da na faɗi haka, amma na riga na faɗa.

A butik, wato kantin Agali, na samu abin da nake nema, ba a kasuwa ba. Na tsaya shan ruwa ne sai idona ya faɗa kan babbar kwalbar da yake zuba alawa a kan tebur. Gilashi ce mai kauri, bakinta hannuna yana shiga har wuyan hannu, murfinta na murɗawa ne, da zoben roba a ciki. Na ce ya sayar mini. Ya ce ba ta sayarwa ba ce, tun daga Arlit ya zo da ita. Na ce to ara mini. Ya tambayi me zan yi da ita, na gaya masa, ban ɓoye komai ba har da randar. Sai ya juye alawarsa a leda ya miƙo mini, ya ce Hajo ce ta yi wa matarsa wankan jego lokacin da ba su san kowa a garin nan ba. Kin taɓa gaya mini wannan? Ban tuna ba. A gabansa na cika ta da ruwa na murɗa murfin na kife ta a kan tebur, muka zuba mata ido mu biyu. Ko ɗigo.

Na wanke ta da ruwan zafi na kife a rana ta bushe. Na wanke hannuna har gwiwa kamar mai alwala. Na cire ganyen waje, na yanka sauran siriri-siriri. Kowane kai cokali guda na gishiri, in ji Mairi, amma ƙananan kawuna ne kuma ni tsoro ya riga ya shige ni, sai da na ɗan ƙara. Na cuɗa na murza har yatsuna suka yi zafi, ruwa ya taru a gindin kwano. Na riƙa zubawa a kwalba kaɗan-kaɗan ina dannawa da dunƙulen hannu don kada iska ta samu wurin ɓuya. Ban cika ta fal ba, na bar wuri a sama. Na shimfiɗa ganye guda a kai, na ɗaura ruwan gishiri a sabuwar leda na ɗora don ya danne, har ruwan ya hau kan komai. Duk abin da ya leƙo sama da ruwa shi ke ruɓewa, wannan kam na koya da tsada. Duk shun da ya rage miki a duniya, Hajo, kwalba ɗaya ya cika, ita ma ba har baki ba.

Amfanin gilashi shi ne ana ganin ciki ba sai an buɗe ba. Da safe in na dawo masallaci sai in tsuguna in duba. 'Yan kumfa suka fara tasowa, kore ya soma komawa ruwan ƙwai. Murfin ya yi tauri, ya ɗan kumbura. An gargaɗe ni cewa a kwanakin farko abin yana numfashi, in ba a sassauta masa ba kwalbar tana iya fashewa. Sai in murɗa kaɗan, in ji ta yi tsss, in mayar da sauri. Ranar farko da na ji wannan ƙara har na ja da baya na yi a'uzubillahi. Ƙanshin da ya fito ba irin na randa ba ne, tsami ne mai tsabta, kamar na nonon da ya kwana. Sau nawa hannuna ya yi ƙaiƙayin in buɗe in ɗanɗana? Na hana kaina. Na hana Sani, na hana Nana, na ce duk wanda ya taɓa murfin nan ni da shi ne.

Da kumfar ta kwanta sai zafi ya taso gadan-gadan, hankalina ya sake tashi. Ɗakinki da rana kamar tanda. Mairi ta ce in aka bar shi a zafi zai yi laushi ya wuce misali. Masu firigo a unguwar nan ƙanƙara suke sayarwa, kuma wutar ma zuwa take tana tafiya, ban yarda in kai amanar nan gidan wani ba. Ina zaune ina kallon randarki da na jingine a kusurwa ina jin haushinta, sai na ce to ke, tunda zufa kika iya, zo ki yi zufar. Na sake wanke ta tas, na zuba rairayi a gindinta, na zaunar da kwalbar a tsakiya, na cika gefe da rairayi har wuya, na jiƙa shi da ruwa, na rufa jiƙaƙƙen buhu. In ka sa hannu ciki sai ka ji sanyi kamar gindin rijiya. Safe da yamma ina ba ta ruwa. Kin ga yadda Allah Ya juya abin? Ni da nake yi miki tsiyar bokiti, ga ni da buta ina ba randa ruwa.

A waɗannan watanni na yi ta magana da ke a ɗakin nan, ban sani ba ko kin ji. Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. In na dawo daga kara da yamma na tarar ba ki nan, kina garka, faɗan da nake yi ba na yunwa ba ne. Gidan ne ba ya yi mini daɗi in ban ji motsinki ba, kuma ban san yadda namiji ke faɗin wannan ba, sai in ce ina tuwo. Kin gane, ko ba ki gane ba? Ina zaton kin gane, don ba ki taɓa mayar mini ba, sai dai ki yi wannan ɗan murmushin naki ki wuce madafa. Mu biyu duka haka muke, abin da ya fi girma a ranmu shi ne ba mu faɗa.

Larai ta iso shekaranjiya. Mijinta ya sako ta a mota, Sani ya tarbo ta a tasha. Ta rame a fuska, cikin ya fito sosai, tafiyarta irin taki ce sak, har sai da na kau da kai. Ta durƙusa daga nesa ta gaishe ni, ta yi mini gaisuwar rashinki, na amsa. Ta shiga ɗakinki ta daɗe. Ba ta tambayi komai ba. Nana ta kai mata tuwo ta taɓa kaɗan ta ture, ta ce bakinta ba ɗanɗano, komai kamar ƙasa.

Jiya da hantsi na aika a kira Mairi, don ina son mai shaida. Na tono kwalbar daga rairayi na goge ta. Wallahi ko ranar da na fara shiga gidanku neman aure ban ji tsoro haka ba. In na buɗe na tarar ya lalace fa? Na yi bisimilla na murɗa. Ruwan yana nan a samansa, ba baƙi ba kore. Mairi ta sa cokali mai tsabta ta ɗebo ta tauna, muna jin ƙarar ƙaras-ƙaras. Ta ce ya yi, sai dai mai gishirin ba ya tsoron Allah. Ta ɗauraye shi sau ɗaya, ta daka ƙuli da tattasai, ta yanka albasa, ta zuba ɗan man gujiya, ta yi kwaɗo a kwanonki mai murfi.

Ni na kai mata da hannuna. Tana zaune a tabarma a inuwar ɗakinki, ta zabura za ta tashi don ba ta saba ganina da kwano ba. Na ce ta zauna. Na ce mata, wannan shun uwarki ce ta dasa shi, kuma ke ta dasa wa. Ta dube ni, irin kallon nan na Baba kada ka lallashe ni. Sai Mairi ta gaya mata duka, tun daga tambayoyin da kika yi ta yi wa matar nan har maganar da kika faɗa a hanya, ba ta ƙara ba ba ta rage ba. Larai ta gyara zama. Ta buɗe kwanon, ta ɗebi loma ta sa a baki. Ta tauna a hankali. Ta sake ɗiba. A loma ta uku ne hawayen suka zo, ba ta share ba, ba ta kuma daina ci ba. Tana ci tana cewa Inna, Inna, a hankali, kamar kina bayan ƙofa.

Na juya zan ba ta wuri, sai ta ce Baba, ka ci? Na ce a'a, naki ne. Ta ce watanni ina gadinsa ban ɗanɗana ba? Ta turo kwanon tsakaninmu ta ce in zauna. Hajo, kin san tun da aka haifi yarinyar nan ban taɓa zama a tabarma ɗaya da ita ba, balle in sa hannu a kwanon da take ci. Mairi ta sunkuyar da kai, Nana ta shige ɗaki. Na tsaya ina jin kunya tana ja na baya. Sai na duba na ga ba ta da uwa, ba ta da kakar da ta raine ta, kuma wata biyu suka rage ta durƙusa haihuwa. In na tsaya kunya, wa ya rage mata? Na cire takalmi na zauna. Muka ci tare, ni da ɗiyarki, har muka ga gindin kwano.

Yana da daɗi, Hajo. Da tsami, da ɗan yaji, da gishirin da ya ɗan yi yawa. Abin da ya rage a kwalba ba zai wuce mata 'yan kwanaki ba, daga nan babu sauran abin da hannunki ya shuka a bayan ƙasa. Na ɗauka ranar da zai ƙare zan ji kamar an sake binne ki. Ban ji haka ba. Ya tafi inda kika aike shi.

Yau da safe ta ci tuwo sosai. Ta ce in Allah Ya sauke ta lafiya tana so in raka ta ta ga inda kike, na ce to.

Ki huta, uwar 'ya'yana. Allah Ya yafe miki, Ya sanyaya makwancinki, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Saƙonki ya isa, an karɓa.

Ni ne mijinki,
Isuhu dillali, Dakoro.